KAFIN KA TURA KUƊINKA: DARASI KAN KARO-KARON JARI A SABABBIN KAMFANONI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW), da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.



Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i, wani matashi cikin masu zuwa karatunmu ya tare ni a ƙofar masallaci, ya miƙo min wayarsa. Ya ce, "Malam, don Allah duba min wannan, halal ne?" Talla ce ta wani sabon kamfani da ke neman jama'a su haɗa masa jari ta intanet, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, a ba shi hannun jari. Yaron nan ya tara naira dubu 300 cikin kusan shekara guda yana gyaran waya, kuma a daren nan yake son turawa, don an rubuta cewa saura kwana biyu a rufe.

Na ce masa: su wane ne masu kamfanin? Ya ce bai sani ba. Nawa suka sayar a bara? Bai sani ba. In ka tura kuɗin, kashi nawa na kamfanin ka mallaka? Ya yi shiru. Can sai ya ce, "Malam, ai sun rubuta cewa halal ne, ba ruwa a ciki."

To wannan amsar ce ta sa na zauna na rubuta darasin nan. Da yawa cikinmu in an ce mu'amala ta halatta, riba irin ta ruwa kaɗai muke dubawa. Alhali shari'a ta toshe wata ƙofar ɓarna mai faɗi kamar ta, ita ce shiga ciniki a makance.

NA ƊAYA: MENE NE KARO-KARON JARI?

Ma'anarsa mai sauƙi ce. Maimakon mai sabon kamfani ya je banki ko wajen attajiri ɗaya, sai ya kai buƙatarsa wani dandali a intanet, mutum ɗari ko dubu su haɗa masa kaɗan-kaɗan. Sai dai iri huɗu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne:

1. Na taimako: ka ba da don Allah, kamar tara wa maras lafiya kuɗin asibiti. Wannan sadaka ce, ba ka jiran komai sai lada.
2. Na sayen kaya tun kafin a ƙera: ka biya yau, a kawo maka kayan bayan watanni. Wannan ya yi kusa da cinikin salam ko istisna'i a fiƙihu.
3. Na bashi: ka ranta, a mayar maka da ƙari. In an sharɗanta ƙarin, ruwa ne, ba sai an daɗe ana magana ba.
4. Na hannun jari: ka zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, riba da ku, hasara da ku. Wannan tarayya ce, wato musharaka ko mudaraba.

Kada ku raina wannan rabe-raben. A shekarar 2012 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Oculus ya tara kusan dala miliyan 2.4 a dandalin Kickstarter. A 2014 Facebook ya saye shi kan kusan dala biliyan 2. Mutanen da suka haɗa kuɗin farko ba su samu ko sisi daga cinikin ba, domin iri na biyu suka shiga: kaya suka biya, ba hannun jari ba. Wasunsu sun yi ta ƙorafi, amma takarda ba ta ba su haƙƙi ba. Saboda haka tambayar farko kullum ita ce: me ainihi nake saya?

Darasinmu na yau a kan iri na huɗu ne.

NA BIYU: HASARA BA HARAM BA CE, ƁOYEWA CE HARAM

A nan ne zuciyar maganar take. Malamai irin su Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun bambanta kasada iri biyu. Akwai kasadar fatauci: ka sayi buhun masara ka ajiye, farashi ya tashi ko ya faɗi. Wannan babu kasuwancin da ya kuɓuta daga gare ta, kuma ita ce ma ke halatta maka ribar. Akwai kuma kasadar caca da garari, inda mutum zai ba da dukiyarsa a kan abin da bai san haƙiƙaninsa ba, ko bai san zai samu ko ba zai samu ba. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari.

Sabon kamfani kasada ne tsantsa. Mafi yawansu ba sa kai labari, ko a ƙasashen da ke da wutar lantarki da tituna da kotuna masu sauri. Wannan kaɗai ba ya haramta sa jari a cikinsu. Abin da ke ɓata mu'amalar shi ne mai kamfani ya san wani abu da zai canja maka ra'ayi, ya yi gum da bakinsa.

Ku tuna hadisin tarin abinci a kasuwa, da Annabi (SAW) ya sa hannunsa mai albarka ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Bai tsawata masa don kayan sun jiƙe ba. Ya tsawata masa ne don bai sa jiƙaƙƙen a sama yadda mutane za su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Haka kuma hadisin Hakim ɗan Hizam (RA) a Bukhari da Muslim ya rataya albarkar ciniki a kan abu biyu, faɗin gaskiya da bayyanawa, ya rataya gushewarta a kan ƙarya da ɓoyewa.

To mene ne jiƙaƙƙen hatsi a kamfanin zamani? Bashin da ba a faɗa ba. Ƙarar da ke kotu. Abokin kafa kamfani da ya fice a fusace. Kwastoma ɗaya tilo da rabin ciniki ya dogara a kansa. Duk wannan wajibi ne a ɗora shi a sama.

Kuma kada wani ya ɗauka talaka kaɗai ake yi wa wannan. Kamfanin Theranos a Amurka, na wata mata Elizabeth Holmes, ya yi da'awar yana da na'urar da za ta yi gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini daga yatsa. Ya karɓi sama da dala miliyan 700 daga manyan attajirai, an yi masa ƙima har dala biliyan 9, kuma a majalisar daraktocinsa akwai tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka biyu, Henry Kissinger da George Shultz. Duk wanda ya nemi ganin yadda na'urar ke aiki sai a ce sirrin kasuwanci ne. A watan Oktoban 2015 jaridar Wall Street Journal ta tona cewa yawancin gwaje-gwajen da na'urorin wasu kamfanoni ake yi. Kamfanin ya rufe a 2018, a 2022 kotu ta kama matar da laifin damfarar masu jari, ta yanke mata ɗaurin sama da shekara 11. Manyan sunaye ne suka rufe wa masu kuɗi ido. In haka ta faru da masu lauyoyi da akantoci, ina ga ni da kai?

NA UKU: ABIN DA FIƘIHU YA SHIMFIƊA TUN TUNI

Ba baƙon abu ba ne a Musulunci wani ya kawo dukiya wani ya kawo aiki. Annabi (SAW) da kansa ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija (RA) kafin aike. Malamanmu na Malikiyya suna kiran wannan ƙiradi, kuma Imam Malik ya ware masa littafi guda a cikin Muwaɗɗa. Ga ƙa'idojin a taƙaice:

- Jari ya zama sananne, adadinsa a fili.
- Riba a raba ta da kaso, kamar rabi, ko sulusi, ko kashi 40 cikin ɗari na ribar da aka samu. Ba a yanke wa ɗaya adadi tsayayye. Ibnul Munzir ya hakaito ijma'i cewa in aka sharɗanta wa ɗayansu dirhami ƙididdigaggu, ƙiradin ya ɓaci.
- Hasara a kan jari take. Mai aiki ya yi hasarar wahalarsa, mai dukiya ya yi hasarar dukiyarsa. In kuwa duka sun sa kuɗi, kowa na ɗaukar hasara gwargwadon kasonsa.
- Mai aiki amintacce ne, ba ya biyan jari sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi.

Daraƙuɗni ya ruwaito cewa shi wannan Hakim ɗan Hizam ɗin, in zai ba mutum dukiya ƙiradi, yakan gindaya masa sharuɗɗa: kada ya sayi dabbobi da ita, kada ya hau teku da ita, kada ya sauka da ita a kwarin da ruwa ke bi, in ya saɓa to ya lamunce. Kun ga sahabi ne fa, mai tawakkali, amma bai miƙa dukiyarsa ya juya baya ba.

Daga nan za ku gane wani abu. Duk tallar da ta ce maka "jarinka ba zai taɓu ba, kuma kashi 20 cikin ɗari duk wata tabbas ne", to ta faɗi a ma'aunin fiƙihu kafin ma a kai ga ma'aunin kasuwa. Ko dai bashi ne mai ruwa da aka sa wa rawani, ko kuma kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi. Mun ga MMM da ta yi alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kulle asusun mutane a Disambar 2016. Mun ga CBEX da ta rufta a Afrilun 2025 bayan alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Sama da shekara takwas tsakani, rami ɗaya. Abin mamaki, mai gaskiyar da ya ce maka "kana iya rasa kuɗinka duka", shi ne ya fi kusa da shari'a, amma shi muke gudu.

NA HUƊU: ME DOKA TA CE?

A Amurka an sa hannu kan dokar da ta buɗe wa talakawa wannan ƙofa a 2012, ta fara aiki sosai a 2016, kuma sharaɗinta shi ne kamfani ya cike takardar bayani a gaban hukuma: su wane ne shugabanni, me za a yi da kuɗin, nawa ne bashi, waɗanne haɗura ake fuskanta.

A Najeriya, hukumar kula da hada-hadar hannayen jari, SEC, ta fitar da nata ƙa'idojin a Janairun 2021. Daga cikin abin da suka ƙunsa: ba a tara irin wannan jari sai ta dandalin da ke da rajista da hukumar, an sa iyakar abin da kamfani zai tara cikin wata 12, naira miliyan 50 ga mafi ƙanƙanta, miliyan 70 ga ƙarami, miliyan 100 ga matsakaici, sannan an hana ƙaramin mai jari ya zuba fiye da kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu a shekara. A Maris ɗin 2025 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da ta tanadi ɗauri mai tsawo ga masu tsarin damfara irin na MMM.

Ku lura da kyau: takardar CAC ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. CAC tana shaida cewa an yi wa suna rajista ne kawai, kuma ɗan damfara ma yana iya mallakarta. Shiga shafin SEC da kanka ka duba ko sunan dandalin yana cikin masu rajista. Kada ka yarda da hoton satifiket da aka turo maka a WhatsApp.

NA BIYAR: TAMBAYOYI BAKWAI KAFIN KA TURA

1. Su wane ne? Cikakken suna, fuska, adireshin ofis da za ka iya takawa ka je. Me suka yi a baya? In sun taɓa karɓar kuɗin mutane, yaya aka ƙare? Nawa suka sa na aljihunsu? Wanda bai sa nasa ba, ba zai ji zafin naka ba.

2. Me suke sayarwa, kuma wa ke biya? In ba za ka iya yi wa mahaifiyarka bayanin sana'ar cikin jimla biyu ta gane ba, to kai ma ba ka gane ba. A nan ne kuma za ka duba halaccin ainihin sana'ar: ba giya, ba caca, ba rance mai ruwa.

3. Ina lissafi? Yawan waɗanda suka sauke manhaja ba ciniki ba ne, mabiya a Instagram ba riba ba ne. Nemi abin da ya shigo da abin da ya fita, wata-wata, in da hali wanda akanta mai zaman kansa ya tantance. Sannan ka tambayi ciniki ɗaya: in kamfanin kai saƙo yana kashe naira 1,500 a kan kowane kai kaya, yana karɓar naira 1,000, to duk ƙaruwar kwastoma ƙaruwar hasara ce.

4. Kuɗin zai kai su wata nawa? Misali: suna neman naira miliyan 50, suna kashe miliyan 8 a wata, miliyan 3 ke shigowa. Giɓin miliyan 5 ke nan, wato wata 10 kuɗin ya ƙare. Bayan nan fa? Kuma a fayyace inda kuɗin za su tafi. Injin ne da kaya, ko albashin shugabanni da motar oga, ko biyan tsohon bashi?

5. Nawa aka yi wa kamfanin ƙima? A nan aka fi cutar mutane, don haka mu yi lissafin tare. A ce an ƙimanta shi naira miliyan 200 kafin karo-karo, aka tara miliyan 50, ya zama miliyan 250. Dubu 300 ɗinka ta saya maka kashi 0.12 cikin ɗari. In wata shekara aka raba ribar miliyan 20, rabonka naira 24,000 ne. To me ya sa aka ce miliyan 200? In cinikin bara duka miliyan 10 ne, ninki 20 na cinikinsu kake biya. Wataƙila akwai hujja, amma su kawo ta. Sannan in gobe wani babban mai jari ya shigo aka ba shi kashi 20 cikin ɗari na kamfanin, naka ya ragu zuwa 0.096. Wannan ba zalunci ba ne in kamfanin ya ƙara daraja, amma dole a faɗa maka tun farko.

6. Wace irin takarda za a ba ka? Hannun jari na gama-gari shi ne ya fi dacewa da tarayya. Akwai kuma takardar bashi da ake cewa za ta rikiɗe ta zama hannun jari daga baya, kuma galibi tana ɗauke da ruwa, sai a kiyaye. Akwai hannun jari na fifiko, wanda ake fara biyan mai shi jarinsa in kamfani ya rushe, kafin a waiwayi sauran. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa bai halatta a fitar da hannun jari mai irin wannan fifikon na kuɗi ba. Tambaya: akwai wanda ke gabana a layi?

7. Ta ina zan fita, kuma yaushe zan riƙa jin labari? Hannun jarin sabon kamfani ba kamar tunkiya ba ne da za ka kai kasuwa ranar da ka matsu. Yana iya ɗaukar shekaru ba mai saye, ba rabon riba. A rubuta a takarda duk wata nawa za a riƙa aiko da rahoto, da abin da rahoton zai ƙunsa.

In aka amsa maka da fushi, ko "ai sai ka yarda da mu", ko "yau ne ranar ƙarshe", to ka samu amsarka. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Bayan duk wannan, kada ka sa kuɗin haya, ko na makarantar yara, ko na magani, ko dukiyar marayu da ke hannunka, kuma kada ka ci bashi don ka sa. Sa abin da in ya salwanta za ka yi barci. Istihara sunna ce, amma tana tafiya ne tare da shawara da bincike, ba ta maye gurbinsu.

NA SHIDA: NASIHA GA MASU KAMFANI, DA MU MALAMAI

Ɗan uwa mai neman jari, Allah Ya yi wa nemanka albarka, al'umma na buƙatar irinka. Amma ka sani kuɗin nan amana ne. Raba asusun kamfani da na aljihunka. Rubuta komai, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In abu ya lalace, kai ne za ka fara sanar da masu jari, ba su ji a bakin duniya ba. In ka faɗi kana mai gaskiya, shari'a ba ta ɗora maka biyan ko kwabo ba. In ka ɓoye ko ka yi sakaci, ka lamunce a duniya, ga kuma hisabi a lahira.

Sai mu malamai da masu wa'azi. Wallahi mu ji tsoron Allah. Idan aka sa hotonka ko muryarka a talla, akwai tsohuwar da za ta sayar da akuyarta saboda ta yarda da kai. In ba ka ga lissafin ba, ba ka karanta yarjejeniyar ba, kada ka ce halal ne. In an biya ka ko an ba ka kaso, faɗa wa mutane. Shaida a kan abin da ba ka sani ba, shaidar zur ce.

Shi wancan matashi, na rubuta masa tambayoyin nan bakwai a takarda, na ce ya aika musu, in an amsa ya kawo mu karanta tare. Na ce masa in damar ta wuce saboda ya tsaya tambaya, to dama ba rabonsa ba ce, kuma dubu 300 ɗinsa tana nan a hannunsa. Abin da nake faɗa muku ke nan ku ma.

Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya tsare mu daga cin dukiyar mutane da ɓarna, Ya mayar wa waɗanda aka cuta da mafi alheri. Wallahu a'alam.